Dogon Bene da Ƙasar da Yake Tsaye a Kanta: Nazari a Kan Tsakiyar Birnin Kano

Gabatarwa

Mutumin da ya taso daga Gurbin Ɓore ta ƙasar Zurmi da niyyar saro kaya a Kano, in ya bi ta Jibiya ya ratsa Katsina, ya wuce Dawanau ya gangaro Fagge, abin da zai fara cika masa ido shi ne yawan benaye. Amma in ya natsu ya ƙirga, zai tarar galibinsu hawa biyu ne ko uku, sun jeru kafaɗa da kafaɗa, ƙasansu kantuna, samansu kuwa ɗakunan ajiye kaya. Dogayen benaye na ofisoshi, irin waɗanda sai mutum ya dafe hula kafin ya hangi ƙarshensu, ba su da yawa, kuma waɗanda suka fi shahara suna wajejen Ƙofar Nasarawa ne da bakin hanyar Zariya, watau ba a inda ciniki ya fi zafi ba.

Wannan abu ne mai ɗaure kai, domin kuwa Kano ta shekara ɗaruruwa tana cibiyar fatauci, kuma ƙasa a tsakiyarta tsada gare ta ƙwarai. A wasu biranen duniya, tsadar ƙasa ita ce ke sa a rushe gidajen unguwa guda a tayar da dogon bene a gurbinsu. A Kano kuwa tsadar ta haifar da wani abu daban: gajerun benaye masu cunkoso, da kuma rigima mai zafi a kan filayen jama'a. Dalilan da suka kawo haka su za a bi a wannan maƙala.

Tsawon gini a wurin Bahaushe

Bahaushe ya san bene tun kafin zuwan Nasara. Hasumiyar Gobarau ta Katsina, wadda ake danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15, tsawonta ya kai wajen mita 15, kuma da ƙasa zalla aka tayar da ita. Sa'ad da Dokta Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya tarar da gidajen ƙasa masu bene a wajejen Dala, inda fataken Larabawa ke zaune. Har yanzu sunayen unguwanni suna riƙe da wannan tarihi, alal misali Dandalin Turawa, inda kalmar Turawa ke nufin Larabawa a Hausar wancan zamani, da kuma Alfindiki, wadda ta samo sunanta daga kalmar Larabci mai nufin masaukin fatake.

Sai dai abubuwa biyu sun taƙaita ginin Bahaushe. Na farko kayan aiki ne. Bangon tuɓali, in ana so ya yi tsawo, tilas gindinsa ya yi kauri, har kaurin ya cinye filin ɗaki. Azarar giginya kuma ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in faɗin da za ta haye ya wuce kamu huɗu ko makamancin haka, shi ya sa gwanayen magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga. Ƙololuwar wannan fasaha ita ce Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, kuma ko shi ma gwanintarsa a faɗin rufi take, ba a yawan hawa ba.

Na biyu kuwa, wanda ya fi na farko ƙarfi, shi ne sutura. Gidan Bahaushe tsakar gida ce a buɗe ga sama, a rufe ga titi. Nan mata ke daka da wanki da kitso, nan ake kwana in zafi ya tsananta. Duk wanda ya ɗaga gini ya fitar da taga mai leƙa tsakar gidan maƙwabci ya keta wannan sutura, kuma fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan ƙasar Hausa ke hukunci da shi, ya ɗauki irin wannan leƙe a matsayin cutarwar da ake tilasta a kawar. Saboda haka bene ya zama abin sarakuna da manyan attajirai, shi ma ɗaki ɗaya ne ko biyu a saman soro, da 'yan tagogi ƙanana masu fuskantar waje.

Lissafin dogon bene

Dogon benen ofisoshi kuwa ɗan Amurka ne. Bayan gobarar da ta cinye tsakiyar birnin Chicago a 1871, sai masu filaye suka dinga neman hanyar da za su ci riba mai yawa daga ƙaramin wuri. Kafin nan, a 1854, Elisha Otis ya nuna wa jama'a a New York lifta mai birki wadda ba ta faɗowa ko da igiyarta ta tsinke. Da aka haɗa lifta da ƙashin gini na ƙarfe, wanda ke ɗauke wa bango nauyi, sai aka sami ginin Home Insurance na Chicago a 1885, mai hawa 10, wanda galibi ake ƙirgawa a matsayin na farko.

Lissafin mai sauƙi ne a baki. In fuloti ya yi tsada, wanda ya gina hawa ɗaya ya ɗora wa hawa ɗayan nan kuɗin ƙasar duka, wanda ya gina hawa goma kuwa ya raba kuɗin gida goma. Amma kowane hawa da aka ƙara yana zuwa da nasa ɗawainiyar. Ginshiƙan ƙasa sai sun ƙara kauri. Ramin lifta da matakala da banɗakuna da hanyoyin waya da bututu suna cinye wajen kashi ɗaya cikin biyar na kowane hawa, ko ma fiye, kuma wannan fili ne da ba a karɓar haya a kansa. Ruwa ba ya hawa sama da kansa, sai an tura shi da inji zuwa tanki mai nisan mita 35 ko 40 daga ƙasa in benen hawa goma ne. A gari irin Kano, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, bangon gilashi tanda ne in babu na'urar sanyaya ɗaki, hunturu kuma ya zo ya lulluɓe shi da ƙura. Ashe ke nan dogon bene inji ne da mutane ke zaune a cikinsa, kuma ranar da wuta ta ɗauke, hawa na tara ya fi ƙauye nisa.

Daɗa kuma, kuɗin da aka zuba a irin wannan gini ba ya dawowa a shekara biyu ko uku. Sai an shekara goma sha ana karɓar haya, in an sami 'yan haya. Ginin Empire State na New York mai hawa 102, da aka buɗe shi a 1931 cikin tsananin karayar tattalin arziki, ya daɗe yawancin ofisoshinsa babu kowa, har mutanen gari suka riƙa yi masa ba'a da cewa kango ne. Wannan batu na dogon haƙuri a riƙe shi, domin za a komo kansa.

Yadda ya iso Nijeriya

A Nijeriya hukuma ce ta fara ɗaga gini sama, ba 'yan kasuwa ba. Gwamnatin Jihar Yamma ta gina Gidan Koko a Ibadan da ribar koko, aka gama shi a 1965, hawa 26, tsawonsa mita 105. A Legas aka gama ginin hukumar sadarwa ta NET mai hawa 32 a 1979. Dukansu biyu wuta ta taɓa su: na Legas a Janairun 1983, na Ibadan a Janairun 1985, kuma sai a 1992 aka sake buɗe Gidan Koko. Gobarar nan biyu sun nuna cewa an iya ɗaga gini fiye da inda tsanin 'yan kwana-kwana ke kaiwa.

A Arewa kuwa, a daidai lokacin da ake ɗora hawa kan hawa a Ibadan, abin da ya fi kama da dogon gini a Kano dalar gyaɗa ce, wadda guda ɗaya kan ci buhu har 15,000. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, inda ake loda gyaɗa da audugar ƙasashen Zurmi da Shinkafi. Rarar kuɗin da hukumar sayen amfanin gona ta tara daga guminsu manoma ya shiga ayyukan raya Jihar Arewa, kuma cibiyoyin da suka tashi a wannan zamani su ne daga baya suka gina dogayen benayen yankin: kamfanin NNDC da Gidan Ahmed Talib a Kaduna, Bankin Arewa kuma da hedkwatarsa a hanyar Zariya ta Kano.

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Audu Baƙo ya riƙe ta har 1975, kuma a ƙarshen mulkinsa ne kuɗin man fetur ya ɓarke. Zamani ne na gine-gine ba ji ba gani, har a 1975 jiragen ruwa ɗaruruwa suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas ɗauke da sumuntin da aka yi oda fiye da yadda tashar za ta iya saukewa. A waɗannan shekaru Kano ta sami sakatariyar jiha da Otal ɗin Daula da kuma Gidan Murtala, wanda aka sa wa sunan Janar Murtala Muhammed bayan kashe shi a 1976. Abin lura shi ne dukkan manyan ginen-ginen nan a wajen ganuwa suke, a filayen da Turawa suka shata wa hukuma da kamfanoni bayan cin Kano a 1903. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka kuma karya darajar naira a 1986, sai kayan gyaran lifta da na janareta, waɗanda duk daga waje ake sayo su, suka zama abin da sai an yi shawara kafin a saya. Bankin Arewa kansa ya narke cikin bankin Unity a 2006, hedkwata ta bar Kano, dogon benen ya tsaya a inda yake.

Me ya hana attajiran Kano?

Ba rashin kuɗi ba ne, wannan kowa ya sani. Dalili na farko yana cikin irin cinikin da Kano ke yi. Banki da kamfanin inshora da ofishin lauya takarda suke juyawa, takarda kuwa ba ta da nauyi, tana iya zama a hawa na goma sha biyar. Dukiyar Kano kuwa dila ce ta atamfa da shadda, buhun sukari ne da katan ɗin sabulu. Mai saye yana so ya taɓa yadi, ya yi tayi, ya leƙa shagon gaba ya dawo, ɗan dako kuma ya ɗauka ya kai mota. Don haka a Kantin Kwari shagon da ke bakin hanya a ƙasa shi ne mai daraja, daraja kuma tana raguwa da kowace matakala, har a kai hawan da bai dace da komai ba sai sito. Wannan ya juya lissafin Chicago a kansa: can sama ce mai tsada saboda iska da hangen gari, nan kuwa ƙasa ce. Attajirin da ya san haka, in ya sami kuɗi, gara ya sayi wani fulotin ya yi hawa uku da ya ɗora na huɗu.

Dalili na biyu shi ne wuyar haɗa fili. Dogon bene yana bukatar wuri mai faɗi, da wajen ajiye motoci, da hanyar da motar kashe gobara za ta kewaya. A cikin birni kuwa gida ɗaya na iya zama na magada ashirin, wasu suna ciki, wasu suna Legas, wasu suna Makka, kuma wanda ke da tarayya a gidan yana da haƙƙin shufu'a, watau ya riga bare saye in ɗan'uwansa zai sayar da rabonsa. Wanda ke son ya haɗa gidaje goma ya rushe, sai ya shawo kan mutum ɗari ko fiye, kuma ɗaya tak in ya ƙi, magana ta tsaya. Ga kuma batun sutura da aka ambata, wanda bai mutu ba: har gobe maƙwabta na kai ƙarar mai bene saboda taga.

A wuraren da aka yi irin wannan rushe-rushe a tsakiyar tsohon birni, ƙarfin hukuma ne ya yi shi. Alhazan ƙasar Hausa sun ga misali da idonsu a Makka, inda aka rushe tsohuwar ganuwar Ajyad ta zamanin Turkawa a 2002, aka baje dutsen da take kai, aka tayar da benayen Abraj al-Bait, waɗanda hasumiyar agogonsu ta kai mita 601.

Filin wa za a gina?

To, in gidajen gado sun gagara, ina manyan filaye suke a tsakiyar Kano? Amsar ita ce a hannun hukuma: harabar makarantu da asibitoci, tsofaffin otal-otal da ofisoshin gwamnati, filin sukuwa, filin idi, gefen ganuwa, da kududdufan da aka haƙa tun zamanin da ake ɗibar ƙasar gini. Nan ne ainihin inda gizo ke saƙa.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Ba sabon abu ba ne a Arewa, domin dokar Turawa ta 1910 da ta Jihar Arewa ta 1962 sun riga sun bi wannan tafarki. Abin da mutum ke mallaka shi ne izinin zama, galibi na shekara 99, da takardar shaida mai sa hannun gwamna ko wakilinsa. Sashe na 28 na dokar ya ba gwamna ikon soke izinin saboda maslahar jama'a, sashe na 29 kuma ya tanadi diyya a kan abin da aka gina ko aka shuka. Ma'anar wannan ita ce alƙalami ɗaya ke bayarwa, shi ne kuma ke karɓewa, mai riƙe da alƙalamin kuwa yana canzawa bayan shekara huɗu ko takwas.

A zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, daga 2015 zuwa 2023, an ba 'yan kasuwa filayen gwamnati da dama domin su gina, ciki har da harabar Otal ɗin Daula, aka kuma jera shaguna a kewayen filin idi na Ƙofar Mata. Hujjar gwamnatin ita ce wuraren sun zama kufai ko matattarar ɓata-gari, hukuma ba ta da kuɗin raya su, haɗin gwiwa da masu jari kuma zai kawo kuɗin shiga da ayyukan yi. Masu suka suka ce dukiyar al'umma ce ake yankawa ana ba ɗaiɗaikun mutane. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata kaya masu yawa, 'yan kasuwa da dama suka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi a kan hanyoyin ruwa, kuma a watan Agustan wannan shekara wani bene da ake kan ginawa a titin Beirut ya rufta. Da Abba Kabir Yusuf ya karɓi mulki a ranar 29 ga Mayu, 2023, mako bai cika ba motocin rusau suka fita. Aka rushe wani bene na shaguna a filin sukuwa, da sababbin gine-ginen Daula, da shagunan filin idi. Masu shagunan idi suka garzaya Babbar Kotun Tarayya, wadda a Satumban 2023 ta umarci gwamnati ta biya su naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3.

Kowane ɓangare yana da abin faɗa, amma akwai mutum biyu da rigimar ta fi shafa, kuma ba su ne ke magana a rediyo ba. Ɗaya shi ne ƙaramin ɗan kasuwar da ya sayar da gona ko ya ci bashi ya sayi shago, yana riƙe da takarda mai hatimin hukuma, bai san wata takardar za ta zo ta kashe tasa ba. Ɗayan kuwa mutum ne da ba a gani, watau mai jarin da da zai iya gina bene mai hawa ashirin da harsashi nagari da matakalar tsira da famfon kashe gobara. An riga an ce irin wannan gini sai an shekara goma sha kafin ya mai da kuɗinsa. Wanda ya ga ginin da aka ba izini a mulki ɗaya ya zama tarin ɓaraguzai a mulki na gaba, ba zai binne dukiyarsa a aikin shekara goma sha biyar ba. Zai yi abin da za a gama a wata tara, a sayar da shaguna tun bulo bai bushe ba, ya kwashe kuɗinsa ya bar masu saye da abin da zai biyo baya. Gajeren bene mai cunkoso, wanda ba shi da wajen ajiye mota balle hanyar ruwa, ɗa ne na halak ga takardar da ba ta da tabbas.

Ba a rasa tsari a rubuce ba. Tun a shekarun 1960 B.A.W. Trevallion ya shirya wa hukumar tsara birnin Kano da kewaye taswirar shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, kuma har yanzu akwai hukumar KNUPDA mai ba da izinin gini. Sai dai wa'adin wancan tsari ya ƙare fiye da shekara arba'in da suka wuce, birnin kuwa ya ninka kansa sau da yawa.

Gidan Ado Bayero

Akwai dogon bene guda a Ƙofar Nasarawa da labarinsa ya cancanci a tsaya a kansa, shi ne Gidan Ado Bayero. Don ofisoshi aka tsara shi, a wuri mai kyau, a bakin ganuwa, tsakanin tsohon birni da unguwar hukuma. Amma kamfanonin da za su cika irin wannan gini da haya ba su yi yawa a Kano ba. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta yi niyyar mai da shi cibiyar fasahar kwamfuta da sadarwa. Da Rabi'u Musa Kwankwaso ya dawo mulki, aka kafa Jami'ar Northwest a 2012, sai aka ba ta ginin ya zama mazauninta na farko kafin a gina mata harabar dindindin a yammacin birni.

Jami'a ba ita ce aka yi wa zanen ba. Ofis yana ɗaukar mutum kaɗan waɗanda ke hawa da safe su sauko da yamma, aji kuwa yana kwararo ɗalibai ɗari a lokaci guda, kowace sa'a ɗaya ko biyu, kuma babu liftar ofis da aka auna don irin wannan turereniya. Duk da haka ginin ya sami abin da 'yan'uwansa da dama suka rasa, watau jama'a masu shiga da fita kullum, da hukuma guda mai alhakin biyan kuɗin wuta da gyaran famfo. A ƙasansa kuma, kamar yadda aka saba a Kano, masu a-daidaita-sahu da masu sayar da abinci da masu buga takardu suka kafa tasu kasuwar a bakin titi.